Faifan CD a ƙasar Adar: gajeren zamani da aikin masu gyara

A ƙasar Adar, duk wanda ya manyanta in aka ambaci shekarar 1984, fari da yunwa ne ke faɗo masa a rai, domin a cikinta ne damina ta ƙi, kuma a cikinta ne aka soma aikin farfaɗo da ƙasa da aka sani da Projet Keita, da tallafin Italiya da hukumar FAO. A ƙarshen wannan shekarar, can a Japan, kamfanin Sony ya fito da D-50, na'urar farko mai karanta faifan CD wadda mutum zai iya ɗauka a hannu, girmanta kamar kwalin faifai huɗu a ɗora, wadda daga baya jinsinta ya shahara da sunan Discman. Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 irinta ta fara bayyana a hannun samarin Madawa, Buza da Keita, kuma ba ta daɗe ba wayar salula ta kore ta. Wannan gajeren zamani ya cancanci a waiwaye shi, saboda ya bar mana ajiya a cikin akwatuna, ajiyar da ba za a ƙara jin muryarta ba sai in an sami wanda ya iya gyara na'urar.

Kafin faifai, kaset ne ke mulki. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma iso ƙauyukanmu a cikin kayan masu zuwa bida, waɗanda ke cin rani a Abijan, Legas, Kano ko Libiya, su dawo gabanin damina da rikoda a kafaɗa. Kaset ya dace da mu saboda dalilai biyu. Na farko, kowa na iya ɗaukar murya a kansa: wa'azi, tafsirin azumi, waƙoƙin Shata, na Ɗan Anace da na Ɗan Gurmu, har da saƙon baki da ɗan bida ke aiko wa iyayen da ba su karanta wasiƙa. Na biyu, ciwonsa a fili yake. In zare ya warware, a naɗe shi da biro. In ya tsinke, a haɗa shi da salatif. In robar da ke juya injin ta saki, a yanko wata daga tsohon tub ɗin keke. Mai gyaran rediyo da ke bakin kasuwa, da turnabis da dalma da tsoffin rediyoyi a ƙarƙashin tebur, yana ganin matsalar da idonsa, yana taɓa ta da hannunsa.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka shigar kasuwa a 1982, ya daɗe yana kayan masu hali, balle bayan karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, wadda ta ninka tsadar kayan da ake sayowa daga Turai da Japan. Abubuwa uku ne suka buɗe masa hanya: na'urori masu araha daga ƙasar Sin da na gwanjo da ke sauka a Kwatano, injin kwafar faifai da ya zo tare da kwamfuta, sai finafinan Hausa na Kano. Wannan sana'a, da ake ƙirga farkonta daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, ta fara da kaset ɗin bidiyo, sa'an nan a shekarun 2000 ta koma faifan VCD, wanda ke tasowa daga kasuwar Ƙofar Wambai ya tsallako iyaka ta Maraɗi da Ƙwanni, ya bazu a kasuwannin mako irin su Bangi, Tunfafi da Tamaske. A lokacin ne ƙaramar na'urar nan mai kama da faranti, da igiyarta ta sawa a kunne, ta zama abin ado ga ɗan kwaleji da ɗan bida.

Sai dai wanda ya ƙera ta bai yi tunanin hunturun Majiya ba. Faifan, mai faɗin santimita 12, yana ɗauke da layi guda a nannaɗe wanda tsawonsa ya haura kilomita 5, siririn da kusan layi 40 za su shige cikin kaurin gashi ɗaya. Wani ɗan gilashi, wanda masu gyara ke kira ido, shi ke aika hasken leza ya bi wannan layi daga tsakiya zuwa baki, yayin da faifan ke juyi kusan sau 500 a minti a farko, ya sauko zuwa kusan 200 a ƙarshe. Ƙurar da kaset ke haɗiyewa ya ci gaba da waƙa, ko da muryar ta dusashe, ita ce ke makantar da wannan ido gaba ɗaya. Zafin bazara yana lanƙwasa faifai, girgizar amalanke ko ta babur tana sa waƙa tsalle, pil kuwa ba ya jimawa. Na'urar ba ta san tsaka-tsaki ba: ko ta yi, ko ta rubuta cewa babu faifai alhali ga shi a ciki.

Masu gyara ba su je lakwal don koyon wannan ba. Da gwaji suka tsara hanyar bincike, kuma har yanzu ita ce hanyar da ya kamata mai son tada tsohuwar na'ura a gida ya bi, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya. Ana farawa da wuta: a duba ƙarafan da pil ke taɓawa, in ruwan pil ya zuba ya bar farin gari, a goge da ɗan ruwan lemun tsami a auduga, a bari ya bushe sarai. In da caja ake aiki, a tabbata ƙarfinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikin na'urar, wanda sau da yawa bolt 4.5 ne, domin cajar da ba tata ba ta kashe na'urori masu yawa. A duba maɓallin HOLD, wanda in an tura shi duk sauran maɓallan ke daina aiki. A duba ɗan makunnin da murfi ke dannawa, domin in bai dannu ba na'urar tana ɗauka a buɗe take, ba za ta kunna leza ba. Daga nan sai ido: auduga da ɗigon alkwal, a hankali, ba tare da dannawa ba, kuma kada a leƙa cikinsa yana kunne, domin haskensa ba ya ganuwa amma yana cutarwa. In waƙa na tsayawa a wuri ɗaya kullum, galibi giris ɗin sandar da ido ke tafiya a kai ne ya haɗu da ƙura ya daskare. A share shi a sa sabo kaɗan. In sauti na fita ta kunne ɗaya, dalmar bakin da ake soka igiya ce ta tsage. A kuma tuna cewa tsofaffin na'urori ba sa karanta VCD ko MP3, don haka wani lokaci lafiyarsu ƙalau, faifan ne ba nasu ba.

Akwai dabara guda da ta yi suna, ta kuma yi ɓarna. A bayan ido akwai ɗan noti da ke daidaita ƙarfin leza. In aka murɗa shi, na'urar da ta gaji takan farfaɗo nan take, mai ita ya biya ya tafi yana murna, bayan ƴan makwanni hasken ya ƙone gaba ɗaya. A nan ne iyakar sana'ar ta bayyana. Robar rikoda ana iya yanko ta a gida, amma ido ba ya ƙeruwa a Madawa ko a Kano. Sai dai a ciro na wata matacciyar na'ura, in an yi sa'a irinsu ɗaya. Mai gyara ya tashi daga mai ƙera maganin matsala ya koma mai musanya kaya. Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008 game da Kano, ya nuna cewa lalacewa da gyara su ne yanayin yau da kullum na na'urori a ƙasashenmu. Faifan CD ya zo da irin lalacewar da hannu kaɗai ba ya warkarwa.

Ƙarshensa bai yi nisa ba. Kamfanin Celtel ya fara aikin wayar salula a Nijar a 2001, kuma kafin shekarun 2000 su ƙare, wayoyi masu ɗan katin ajiya sun cika kasuwa: ba ido, ba inji mai juyi, ba abin da ƙura za ta kama, waƙa kuma na tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar da su a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones. Masu gyaran rediyo da yawa suka koma gyaran waya, Discman ya faɗa ƙasan akwati.

Abin damuwa shi ne faifan da suka faɗa tare da shi. Waƙar da kamfani ya buga ana iya samunta a wani wuri, amma bikin aure da aka ɗauka a Garhanga, kiɗan kokowa a filin Buza, karatun malamin gari da ya rasu, wasan kwaikwayon ɗaliban kwaleji, duk a faifan CD-R aka kwafe su, sau da yawa kwafi ɗaya tak. Shi kuwa CD-R rubutunsa a kan wani rini yake, wanda zafi da hasken rana ke cinyewa sannu a hankali, kuma bayansa, inda ake rubuta suna, ya fi cikinsa rauni: ƙarzuwa ɗaya a nan ta isa ta tafi da abin da ke ciki. Duk gidan da ke da irin waɗannan faifai, ya kamata ya fito da su yanzu, ya goge su da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, ya gwada su a na'urar da aka gyara don ya san abin da ke raye, sa'an nan ya kai su inda akwai kwamfuta mai karanta faifai a kwafe su wuri biyu. Makarantunmu da gidajen rediyon karkara na Madawa, Buza da Keita suna iya jagorantar wannan aiki, tare da tsoffin masu gyara da har yanzu ke bakin kasuwa, tun suna nan kuma tun faifan na karantuwa.