Taliya, tumatir da kifin Tiga: tarihin da ke cikin faranti ɗaya

Rubutun wannan makon daga madafi ya samo asali.

Ranar Talatar da ta wuce har aka yi magariba ba a ɗora tukunya a gidanmu ba, domin uwargida ba ta dawo daga aiki da wuri ba. Tana idar da sallah ta jajjaga tumatir da attaruhu da albasa, ta soya, ta tsai da ruwa, ta gyara busasshiyar tarwaɗa ta zuba, ta kawo taliya ta karya a ciki. Kafin a kira isha'i an sauke. Da aka kai wa Hajiya mahaifiyata nata, sai ta dubi kwanon ta ce, "Ku dai 'yan zamani kun huta. Mu da muna yara, abin alkama sai da sallah ko biki." Wannan magana ce ta sa na zauna bin sawun abubuwa ukun da ke cikin kwanon, sai na tarar biyu daga cikinsu ruwan Tiga ne ya wadata mu da su.

Mu fara da taliya. Yawancin kalmomin da muke kiran alkama da abincinta da su aro ne daga Larabci: alkama, alkubus, alkaki, gurasa. Wannan ya nuna hanyar da suka biyo. Fatake Larabawa daga Gadamas da Tarabulus sun daɗe suna ketare Sahara suna zama a cikin birnin Kano, har Turawan nan masu yawon bincike, Clapperton a 1824 da Barth a 1851, duk sun tarar da su a can. Waɗannan baƙi sun zo da cimarsu, matan birni suka koya. Game da sunan taliya kuwa, wasu na danganta shi da ƙasar Italiya, wasu da kalmar Larabci "iɗriya", wadda malamin nan al-Idrisi ya ambata tun 1154 yana bayanin wani gari a tsibirin Sisili da ake yin ta ana kai wa ƙasashe a jiragen ruwa. Ko wanne aka ɗauka, hanyar dai ta arewa ce, ta bakin Bahar Rum.

Sai dai alkama ba hatsin damina ba ce. Sanyin hunturu take so da ban-ruwa. Kafin zuwan madatsun ruwa a fadamu ake noma ta 'yar kaɗan, ana jan ruwa da jigo. Shi ya sa ta zama cimar sarakuna da attajirai, talaka kuwa yana kan dawa da gero. Aikinta ma ba na gaggawa ba ne: a niƙa, a tankaɗe, a kwaɓa, a zauna ana murzawa da tafin hannu sili-sili, a shanya ta bushe. Wannan ita ce 'yar murji. Daga baya ƙaramin injin nan na juyawa da hannu ya shigo, fulawar kamfani ta yawaita, taliyar Hausa ta zama sana'ar matan aure a cikin gida. Wanda duk ya yi firamare a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ya san ta a bakin makaranta, da manja da yaji, wani lokaci da wake.

Tumatir ya fi taliya baƙunta. Asalinsa Kudancin Amurka ne, mutanen Meziko suka mai da shi abin nomawa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Su kansu Italiyawa da ake yi wa kallon masu taliya da miyar tumatir, sai a ƙarni na 19 haɗin ya zama ruwan dare a wurinsu. Mu a nan kakanninmu kuka suka sani da kuɓewa da yakuwa da kalkashi, daddawa ce ke ɗaga miya. Jar miya ta zo ne a baya-bayan nan, ta fara daga birane da gidajen ma'aikata.

Abin da ya juya lamarin shi ne dam. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Audu Bako, ya sa gina madatsun ruwa a gaba. Mafi girmansu shi ne na Tiga a ƙasar Bebeji, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Ruwan da ya tare na Kogin Kano ne, wanda ke gangarowa daga duwatsun kudu ta wajen Doguwa, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada. Dam ɗin na iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan aka ja babbar hanya ta kai ruwan Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Bai kamata a ba da wannan tarihi a tsallake waɗanda suka biya kuɗinsa ba. Dubban mutane aka tasa daga garuruwa da gonakinsu, ruwa ya shafe kufai da maƙabartu. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, daga baya kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Idan muna cin tumatir mai araha da rani, mu tuna akwai waɗanda suka rasa gidan gado kafin a kai ga haka.

Masu tsara aikin alkama suka fi sa wa rai. Har a 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje don a noma ta a gida, manoman Kadawa suka samu kasuwa na ɗan lokaci. Bayan 'yan shekaru aka janye haramcin, alkamar waje ta dawo ta fi tamu araha. Manomi kuwa ba ya noma don takardar gwamnati, abin da zai kawo kuɗi yake bi. Sai shinkafa da tumatir suka mamaye filayen. Kasuwar Kwanar Gafan ta zama inda manyan motoci ke lodin kwanduna zuwa Legas da sauran biranen kudu. Daga nan jar miya ta shiga kowane gida, har ƙauye.

Kifi ma haka. Da can mutumin wannan yanki sai damina ko lokacin su yake ganin ɗanyen kifi, sauran shekara sai banda daga Haɗeja ko Tafkin Chadi. Da Tiga da Bagauda suka cika, masunta suka samu wurin aiki rani da damina: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa. Turawa na yin irin wannan girki da kifin salmon na ruwan sanyi da kirim ɗin madara. Mu tarwaɗarmu da ɗan man shanu sun wadatar, kuma wanda ya ci ya san ba a bar mu a baya ba.

To ina gizo ke saƙa? Ku duba abin da ke cikin tukunyar yawancinmu a yau. Taliyar leda ce ta kamfani, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake sayo ta. Tumatirin na leda ne ko na gwangwani, wanda shekara da shekaru yawancin markaɗensa daga Sin ake shigo da shi. Kifin na ƙanƙara ne da ya keto teku, ko sadin na gwangwani daga Maroko. Duk wannan a gidan da bai fi tafiyar rabin awa zuwa bakin dam ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ba a rasa ƙoƙari ba. A watan Maris na 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa, mai iya cin tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, farashi ya yi tashin gwauron zabo, masana'antar ta tsaya, kuma a shekarun da suka biyo baya ta yi ta aiki tana tsayawa. Har yanzu kowace shekara labarin ɗaya ne: tsakanin Janairu da Maris kwando ya faɗi warwas, manomi ya yanka ya baza a ƙasa ya yi kauɗa ko ya bar shi ya ruɓe, da damina ta kankama kuma mai gida ya kasa sayen na miya.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, Audu Bako da mutanensa sun warware matsalar ruwa, amma matsalar adanawa da sarrafawa tana nan tana jiran namu zamanin. Kuma ba lallai sai da babbar masana'anta ba. Shanya mai tsafta a kan raga maimakon ƙasa, dafa markaɗe a zuba a kwalba a rufe lokacin araha, ƙungiyar mata masu injin taliya da za su riƙa sayen alkamar Kadawa, murhun banda mai kyau a bakin Tiga: duk abubuwa ne da ba su fi ƙarfin matasan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba.

Dattawan da suka ga lokacin da aka tashi garuruwa domin dam suna nan da ransu, amma kullum raguwa suke yi. Wanda yake da kaka ko kawu a cikinsu, ya daure ya zauna da shi a wannan makon, ya tambaye shi sunan garinsu na da, da abin da suke ci kafin ruwa ya zo, ya rubuta ya kawo mana.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa albarka a noman rani na bana.