Daga Kaset Zuwa Mimori: Wa Ke Cin Gumin Mawaƙi?

A ƙasar Sakkwato ta dā, makaɗi ba ya sayar da waƙarsa ɗaya-ɗaya. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, kuma ladansu doki ne da riga da hatsi daga hannun ubangida. Shi ya sa da rikoda da kaset suka cika kasuwanni irin na Tambuwal da Kebbe a shekarun 1970 da 1980, ba a ɗauki mai kwafar waƙa ɓarawo ba. Mutum ya naɗi Musa Ɗanƙwairo daga Rediyon Kaduna ko Rima Rediyo, ya juye wa maƙwabcinsa, tukunyar Ɗanƙwairo ba ta ragu ba. Sunansa ma ya ƙara nisa. Waƙoƙin fada da dama ta wannan hanya suka tsira bayan rasuwar masu su.

Sai dai wancan uzuri ya ƙare tun da hanyar biyan mawaƙi ta sauya. Mawaƙin yau shi ke biyan situdiyo a Kano, ya sallami mai kiɗa da 'yan amshi daga aljihunsa, yana sa ran kuɗin ya dawo daga sayarwa. Can baya dillalan kasuwar Ƙofar Wambai kan sayi aikin kafin su buga. Yanzu kuwa, ranar kasuwa za ka ga matashi a rumfar cajin waya da kwamfuta a gabansa, manoma da makiyaya suna miƙa masa mimori yana loda musu waƙoƙi rututu, ba tare da ko sisi ya kai ga wanda ya rera ba. Dokar 1988 ta hana wannan, an kuma sabunta ta a 2023, amma ba ta iso rumfar nan ba.

Akan ce talakan ƙauye ba shi da halin saye, kuma lodin waƙar ne ke tallata mawaƙi har a gayyace shi biki. Maganar talla gaskiya ce ga wanda ya riga ya yi suna. Wanda ya ci bashi ya yi waƙar farko kuwa, talla ba ta biya masa. Batun talauci shi ne ya fi rauni, domin manomin Kebbe bai karɓi waƙar kyauta ba. Ya ciro kuɗi ya biya, kuma kuɗin a hannun mai kwamfuta suka tsaya.