Kasuwar Jajibere a Keffi, Jiya da Yau

Tun daga zamanin da Abdu Zanga, Bafulatanin nan da ya taso daga ƙasar Katsina, ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, garin kuma ya shiga ƙarƙashin Sarkin Zazzau, babu kasuwar da takan cika ta batse kamar ta jajiberen Salla. A wancan zamani, da zarar Ramalana ya shiga goman ƙarshe, sai fatake su sauke rigunan Kano da na Nupe, da turare da goro, magidanta kuwa su ƙirga wuri, su auna hatsin zakkar fidda-kai, su yi wa iyali suturar Idi, domin Sunna ta kwaɗaitar da yin ado a wannan rana mai alfarma.

Bayan 1902, shekarar da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Baturen nan Kyaftin Moloney, mulkin Nasara ya kafu, sannu a hankali sule da kwabo suka kori wuri, atamfa da shadda suka sha gaban saƙi. Da aka mayar da fadar gwamnatin tarayya Abuja a 1991, ma'aikata suka yawaita a yankin Keffi, har ya zama idan albashi ya fito gabanin Babbar Salla raguna su yi tsada, in ya makara dillalai su kwana da kayansu.

To, jama'a, mu tuna layya tana kan mai hali ne, Shari'a kuwa ta hana almubazzaranci.