Amfanin rubutu ga mai haɗa manhaja

Mai haɗa manhaja shi ne wanda ke tsara umarnin da kwamfuta ko salula ke bi, irin wanda ke sa kuɗin da ɗan ci-rani ya turo daga Abijan ko Legas su iso Filinge nan take. Ƴan lakkwal na ce wa fannin anformatik. Akwai yaranmu na Kurfai da ke koyon sa, kuma iyaye da yayyen da ke biyan kuɗin karatun tambayarsu ɗaya ce: yaro ya ƙare, to ina aikin?

Wahalar wanga sana'a ita ce ba a ganin ta da ido. Magini in ya tada bango, duk mai wucewa shaida ne. Tela kuma ɗinkinsa na yawo cikin kasuwar Lahadi. Shi ko mai manhaja, aikinsa na ɓoye cikin na'ura, ga shi masu ɗaukar aiki suna Yamai, wajen kilomita 180 daga nan, ko ma ƙasashen waje. Shi ya sa masu wannan sana'a ke rubuta abin da suka koya su sa a intanet: ga matsalar da na tarar, ga yadda na warware ta. Difloma na nuna cewa yaro ya zauna aji; rubutun nan shi ke nuna yadda kansa ke aiki.

Misalin da aka fi sani shi ne na Linus Torvalds. A watan Agusta na 1991, yana ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya rubuta ɗan gajeren saƙo yana bayanin abin da yake haɗawa, ya nemi ra'ayin jama'a. Mutanen da bai taɓa gani ba suka kama masa. Abin nan shi ne Linux, kuma duk salular Android da ke aljihunmu a kansa aka gina ta.

Ba lalle sai babban abu ba. Yaron da ya haɗa ƴar manhajar lissafin nonon shanu irin na Tukunus, wadda ke aiki ko babu rezo, ya san abin da ɗan Turai bai sani ba. In ya ajiye aikin a GitHub, ya bayyana shi da Faransanci ko Ingilishi, ya sami abin nunawa ranar da zai je cibiya irin CIPMEN ta Yamai. Mu dai da za a ji tamu, ya ƙara da Hausa, don ƙannensa su ƙaru. Wajen bayanin ma sai mutum ya gano inda shi kansa bai gane ba.

Amma fa a kiyaye. Ba a fallasa sirrin ubangida, ko lambobin wayar mutane, ko wurin da wani yake, balle a halin tsaron da jihar Tilaberi ke ciki. Tun 2019 Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet, kuma abin da aka sa yau ana iya tono shi bayan shekara goma.