Lanho: Tarihin Kuɗin Kai a Ƙasar Nijar

A Hausar Nijar, harajin da ake ɗora wa kowane baligi ana kiransa lanho. Kalmar aro ce daga Faransanci, wato l'impôt, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna inda abin ya fito. Ba wai Hausawa ba su san haraji ba kafin zuwan Turawa. A Damagaram da Maraɗi da Tsibiri sarakuna suna karɓar zakka da kuɗin ƙasa da jangali, ana kuma karɓar kuɗin fito daga ayarin fatake. Amma a wancan zamani ana biya ne da damman hatsi ko dabba ko wuri. Sabon abin da lanho ya zo da shi shi ne an ƙirga kawuna, an yanka wa kowane kai kuɗi, daga baya kuma aka ce sai da kuɗin Faransa za a biya.

Dalilin wannan tsanani yana can birnin Paris. A shekarar 1900 majalisar Faransa ta yi doka cewa kowace ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ita za ta ɗauki nauyin mulkinta, in ban da sha'anin soja. Ƙasashen bakin teku irin su Senegal suna da tashar jiragen ruwa da kasuwanci mai ƙarfi. Nijar ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa, kuma kuɗin kwastan na Afirka ta Yamma ta Faransa baitulmalin tarayya da ke Dakar yake shiga. Saboda haka abin da ya rage wa gwamna, ko a Zinder ko a Yamai bayan an mai da babban birni can a 1926, shi ne kan talaka da garken makiyayi.

Ga yadda ake tara shi. Kumandan ya yi ƙidaya, ya rubuta abin da kowane gari zai biya. Sarkin kanto ya raba wa masu gari, mai gari ya bi gida gida. Ana ba sarki wani kaso na abin da ya tara, don haka cikar kuɗin ta zama ribarsa, gibi kuwa yana iya cin rawaninsa. Wanda ya kasa biya, kumandan yana da ikon kulle shi ba tare da shari'a ba. Babbar illar tsarin ita ce ƙidayar takan daɗe ba a sabunta ta ba. Idan mutum ya mutu ko ya yi ƙaura, sunansa yana nan a takarda, waɗanda suka rage su ne za su biya masa.

To, ina manomin gero zai sami tamma da dala? Dole ya sayar da abin da Bature ke saye, ko ya sayar da ƙarfinsa. A nan ne noman gyaɗa ya bunƙasa a yankin Maraɗi da Zinder, har lokacin karɓar lanho ya zo daidai da lokacin cinikin gyaɗa. Samari kuma suka shiga cin rani: na gabas su nufi Kano da Katsina, Zabarmawa su nufi Kumasi da Ankara. Wasu garuruwan bakin iyaka ma tashi suka yi ɗungurungum suka koma ɓangaren Ingilishi, ba don can babu haraji ba, sai don sun ga ya fi sauƙi.

Shekarar 1931 ce ta tona asirin tsarin. Fari da fara sun cinye amfanin gona a yammacin ƙasar, musamman ƙasar Zabarmawa, amma ba a sassauta karɓar lanho ba. Mutane suka sayar da ɗan hatsin da ya rage da dabbobinsu don su biya, sannan yunwa ta same su hannu wofi. Dubban mutane sun mutu, wasu dubbai sun gudu. Maganin da hukuma ta kawo bayan haka shi ne tilasta wa kowane gari ya zuba hatsi a rumbunan ajiya, abin da talakawa da yawa suka ɗauka wani harajin ne aka sake wa suna.

Ina kuɗin suke tafiya? Mafi yawansu albashi ne: na kumandan da ma'aikatansa, da tafintoci, da masu gadi. Hanyoyin mota da gidajen saukar baƙi kuwa ba lanho ne ya gina yawancinsu ba, aikin dole ne, wanda kowane namiji ke yi kyauta na wasu kwanaki a shekara. Wato talaka ya biya sau biyu, da aljihunsa da kuma jikinsa. Sai a 1946 aka soke aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, a shekarar ce kuma Faransa ta kafa asusun raya ƙasashen da take mulka. Ya zo a makare. Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Ƴancin kai bai kawar da lanho ba. Gwamnatin Diori Hamani ta gaji baitulmali maras ƙarfi, ta ci gaba da dogara ga manomi da makiyayi, har babban farin farkon shekarun 1970 ya zo ya karkashe dabbobi. Sojoji suka kifar da ita ranar 15 ga Afrilu 1974. Abin da ya ba Seyni Kountché damar soke kuɗin kai na gwamnatin tsakiya a ƙarshen shekarun 1970 ba tausayi kaɗai ba ne: yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, ya yi tsada a kasuwar duniya, baitulmali ya sami wata kafa. A tsallaken iyaka ma kuɗin man fetur ne ya share hanya, inda gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979. A Nijar an bar wani ƙaramin haraji na gunduma a hannun sarakuna, wanda ya koma na ƙananan hukumomi bayan zaɓensu na 2004, mutanen karkara kuma ba su canza masa suna ba.