Zanen Fentin Mai da Sana'ar Masu Zanen Littattafai

Fentin mai garin launi ne da ake kwaɓawa da man da ke daskarewa idan ya sha iska, galibi man irin tsiron flas, wanda ake saƙa yadin lilin da zarensa. Ba ya bushewa kamar fentin ruwa, inda ruwan ke tashi ya bar launi. Man yana haɗuwa da iska ne a hankali har ya zama fata mai tauri, abin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Wannan jinkiri shi ya tsara tarihin fentin. Shi ya ba masu zane damar gauraya launi a kan allo da gyara kuskure a tsanake, shi ne kuma ya zame wa masu zanen mujallu ƙarfen ƙafa lokacin da madaba'a ta fara sa musu wa'adi.

Zane mafi daɗewa da aka tabbatar an yi shi da mai yana cikin kogunan Bamiyan a Afganistan. Mabiya addinin Buddha ne suka yi shi a wajen ƙarni na 7, kuma binciken da aka bayyana a 2008 ya gano mai a cikin launukansa. A Turai, wani malamin coci da ya kira kansa Theophilus ya bayyana yadda ake kwaɓa launi da man flas a ƙarni na 12, yana kukan cewa dole a jira kowane shafi ya bushe a rana kafin a ɗora wani. Shi ya sa mafi yawan masu zanen lokacin suka tsaya kan kwaɓa launi da ƙwaiduwar ƙwai, wadda ke bushewa nan take.

Mutanen Filandas, a ƙasar Beljiyam ta yau, su ne suka mayar da jinkirin abin amfani. Jan van Eyck, wanda ya rasu a 1441, yakan shafa wa katako alli da gam har ya yi fari sumul, ya fitar da siffofi da siririn layi, sannan ya riƙa ɗora launi siriri bisa siriri, kowane shafi ana hango na ƙasansa. Haske kan ratsa shafukan ya bugi farin alli ya dawo, sai jan mayafi ko zinariya su yi zurfin da ƙwai bai taɓa bayarwa ba. Ana ganin haka a babban zanen cocin Gent da aka kammala a 1432 da hoton Arnolfini na 1434 da ke Landan. Marubucin Italiya Giorgio Vasari ya rubuta a 1550 cewa van Eyck ne ya ƙirƙiro fentin mai. Ba haka ba ne, amma maganar ta yi ƙarnoni ana maimaita ta.

A Benis aka sauya abin da ake zanen a kansa. Danshin birnin yana lalata zanen bango, ga yadin jiragen ruwa a wadace, sai masu zane suka koma ƙyalle mai kauri da ake ɗaurewa a jikin firam. Ya fi katako rashin nauyi, ana kuma iya naɗe shi a aika wata ƙasa. Titian, wanda ya rasu a 1576, ya riƙa barin sawun buroshi a fili, yana ɗora fenti mai kauri a wuraren haske.

Akwai ƙa'ida guda da ta ratsa dukan waɗannan salo: shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi maiƙo. Idan aka juya, na sama zai bushe kafin na ƙasa, zanen ya tsattsage. Man sheƙi na ƙarshe kuwa sai bayan wata shida ko shekara ake shafa shi.

Aikin shagon mai zane a da, rabinsa niƙa ne. Yaran shago ke murza launi a kan dutse, su ɗura a mafitsarar alade su ɗaure. Shuɗi mafi daraja daga dutsen lazuli na Badakshan yake zuwa, tsadarsa har takan kai ta zinariya, fari kuma na dalma ne mai guba. A 1841 wani Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya yi rajistar bututun kuza mai matsuwa, irin na man goge baki. Daga nan fenti ya zama abin saye a kanti, mai zane kuma ya iya ɗaukar kayansa ya fita fili ya gama hoto a zama ɗaya, yana ɗora ɗanyen launi a kan ɗanye.

Masu zanen littattafai sun daɗe ba su shiga wannan harka ba, domin madaba'a ba ta iya buga inuwa. Sai mai sassaƙa ya kwafi zanen a kan katako da layuka. A shekarun 1880 zuwa 1890 aka samu dabarar ɗaukar hoton zane a mayar da shi ɗige-ɗige, sai masu zane suka fara aiki da fentin mai baƙi da fari da toka-toka kawai. Bugu mai launi huɗu ya biyo baya a farkon ƙarni na 20, a daidai lokacin da mujallun Amurka ke sayar da kwafi masu ɗimbin yawa.

Howard Pyle ne uban wannan zamani. Ya fara koyarwa a Cibiyar Drexel ta Filadelfiya a 1894, ya buɗe makarantarsa a Wilmington a 1900. Ɗalibinsa N. C. Wyeth ya yi wa kamfanin Scribner's zanen littafin Treasure Island a 1911, a kan manyan ƙyallaye masu tsawon fiye da mita guda, waɗanda aka rage su zuwa girman shafin littafi. Da kuɗin aikin ya sayi fili a Chadds Ford ya gina gida da ɗakin zane. Duk da sunan da ya yi, Wyeth ya rayu yana jin cewa masana ba su ɗauki mai zanen littafi a bakin komai ba. J. C. Leyendecker, wanda ya yi wa mujallar Saturday Evening Post bango 322, yakan yi aiki da wani haɗin mai da ya riƙe a asirce.

Wanda aka fi sanin yadda yake aiki shi ne Norman Rockwell, haifaffen Niyok a 1894. Bangonsa na farko a Post ya fito a watan Mayu na 1916, aka biya shi dala 75, ya kuma ci gaba har 1963, bango fiye da 320. Yakan fara da ƙaramin zanen fensir ya kai wa edita, domin babu amfanin taɓa buroshi kafin a amince. Sai neman mutanen da za su tsaya masa, sau da yawa maƙwabta, da farautar tufafi da kujeru da karnuka. Da farko yakan sa mutum ya tsaya sa'o'i yana kallonsa. Daga tsakiyar shekarun 1930 ya koma ɗaukar hotuna, yana haska su a kan takarda da wata na'ura, abin da ya yi ta jin kunyarsa. Daga hotunan yakan yi cikakken zanen gawayi daidai girman aikin, inda yake warware komai na siffa da haske, sannan ƙaramin gwajin launi, sannan a kwafa a ƙyalle a shiga fenti. Mai kallon bangon zai zaci wahalar tana ga buroshi, alhali mafi yawanta ta ƙare tun a gawayi.

Rayuwar ba ta da daɗi kamar yadda hotunan ke nunawa. Bangon Kirsimeti a tsakiyar zafi ake zana shi. Edita na iya cewa a sauya fuska ko a bar wurin sunan mujalla, kuma dokar Post ta lokacin ba ta yarda a nuna baƙar fata ba sai a matsayin ma'aikacin hidima. Sai da Rockwell ya koma mujallar Look ya zana Ruby Bridges, yarinya baƙar fata da jami'an gwamnati suka raka makaranta a Niyu Olins, aka buga a 1964. Ainihin zane-zanen mujallu kuma ba a ɗauke su da daraja ba, tunda an riga an buga su: da yawa sun ruɓe a ɗakunan ajiyar kamfanoni ko an kyautar. Gobarar da ta ci ɗakin zanen Rockwell a Arlington ta jihar Bamont a 1943 ta tafi da zane-zane da kayan aikinsa masu yawa.

Kyamara da talabijin suka kwashe bangon mujallu da kuɗin talla a shekarun 1950 da 1960, Post ta dakatar da fitowa a 1969. Waɗanda suka rage a sana'ar suka koma fentin akirilik mai bushewa cikin mintuna, daga baya kwamfuta. Fentin mai ya tsira a bangon littattafan almara, a hannun irin su Frank Frazetta da James Gurney, wanda ya fitar da Dinotopia a 1992. Kasuwa kuwa ta sauya ra'ayi a kan tsofaffin: zanen Rockwell na 1951 mai nuna tsohuwa da yaro suna addu'a kafin cin abinci, wanda Post ta biya dala 3,500 a kansa, an sayar da shi dala miliyan 46 a gwanjon Sotheby's a 2013.