Watan Ashafa da watan Ishiriniya a ƙasar Ƙetare

A ƙasarmu ta Ƙetare, da sauran garuruwan Ƙanƙara har zuwa Faskari da Sabuwa, akwai littattafan da kowanne yake da watansa. Azumi na Ashafa ne da tafsiri. Watan Mauludi na Ishiriniya ne. Idan wata ya tsaya sai malam ya sauko da gafaka daga inda take rataye, ya kaɗe ƙura, a shimfiɗa buzu a zaure. Idan wata ya fita, ko an kai ƙarshe ko ba a kai ba, a sa alama a mayar sai baɗi.

Littattafan nan sun yi doguwar tafiya kafin su iso mana. Alƙali Iyal, mai Ashafa, mutumin Sabta ne a ƙasar Maroko, ya rasu a Marrakish a 1149. Alfazazi, mai Ishiriniya, malamin Andalus ne da ya rasu a 1230. Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi da baiti ashirin na yabon Annabi (SAW), daga baya Ibn Mahib ya yi mata tahamisi, wanda shi ne muke rerawa. Fatake da alhazai suka ratso Sahara da su, kuma birnin Katsina na cikin manyan wuraren da suka yada zango. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta wa Ishiriniya sharhi tun Shehu Usmanu bai zo duniya ba. Jalalaini kuwa, da yawancin malaman zaure ke tafsiri da shi, ɗaya daga cikin mawallafansa, Suyuɗi na Masar, har wasiƙar nasiha ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim a ƙarshen ƙarni na 15.

Kafin zuwan bugun inji, wanda yake son Ashafa sai ya samo takarda, ya dafa tawada, ya fiƙe alƙalami, ya zauna kwafa, ko ya biya wani ya kwafar masa. Ganyayen a sake suke, ba ɗinki, a ƙasan kowane shafi an rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita don kada su cakuɗe. Kwafin yayan mahaifina, wanda muke kira Baba Malam, irin wannan ne. Gefen kowane shafi cike yake da ƙananan rubutu na hannu daban-daban, wasu da Larabci, wasu da Hausar ajami, inda wani almajiri ya ji fassarar kalma mai wuya daga bakin malaminsa ya yi maza ya ɗaure ta.

Abin da na fi son mai karatu ya lura da shi shi ne, mafi yawan masu zama a zauren nan ba sa jin Larabci. Manoman auduga ne da masara, da maƙera, da mahauta, da 'yan koli masu cin kasuwar Sheme. Da kunne suke karatun. Baba Malam zai karanto jimla, ya juya ta da Hausa, ya tsaya ya kawo labari, wani dattijo ya ce, “Allah gafarta Malam, a maimaita wannan wurin,” a maimaita. Mutumin da bai taɓa riƙe alƙalami ba sai ka ji yana kawo maka sifofin Annabi a jere, domin shekara talatin yana jin Ashafa. Mata kuma suna bayan danga ko cikin soro na biyu, suna sauraro suna tsinke zogale.

Ishiriniya ta fi daɗi ga yara, don ita ana rera ta ne, mai murya ya ja baiti, jama'a su amsa, har dare ya raba. Tafsirin azumi kuwa yana da kishiya. Da zarar goma ga wata ta yi, ka ji gwangwanayen 'yan tashe daga bakin kasuwa, sahun baya na zaure sai ya fara raguwa da ɗai-ɗai. Ban ga laifin yaran ba, kuma malaman da na sani ba su cika tsawatawa ba.

Karatun boko da ya zo, wannan hanyar ta karatu da kunne ya bi. Bayan gasar rubutu ta 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, mutum ɗaya ne yake karantawa da ƙarfi a dandali, goma suna saurare. Haka aka sha Magana Jari Ce a ƙauyuka, galibi da rani bayan an kai amfani gida.

Rediyo ce ta fara girgiza zaure. Da tafsirin Shaikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello ya fara shigowa ta Rediyon Kaduna, sai manomi ya samu abin da zai gwada malamin unguwarsa da shi. Kafuwar Izala a 1978 ta sa wasu suka janye daga zaman Mauludi, Ishiriniya ta rasa rabin masu amshinta a wasu unguwanni, ko da yake tafsiri ya ƙaru ne ma, kowane masallaci da nasa da lasifikarsa. Sai kuma rashin tsaro. Tun kafin kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, ƙauyuka da dama na yammacin yankinmu sun daina zaman dare, wasu ma sun tashi ɗungurum, malamansu suna Funtuwa ko Malumfashi.

Larabcin Ashafa ba zai ɓace ba, ana sayar da bugunta a kasuwar Kurmi ta Kano. Abin da ke tafiya shi ne Hausar da tsofaffin malamai ke fassara ta da ita, wadda kowa ya karɓa daga bakin malaminsa, ba a rubuta ta ba sai ɗan abin da ke gefen shafi. Duk wanda yake da irin wannan dattijo a gidansu, azumin bana ya nemi izininsa ya ajiye waya kusa da buzunsa, ya naɗi karatun daga buɗewa har hatima.